Rai Ɗaya Gare Ta

Bahaushe bai yi wa kyanwa rowar suna ba. Wasu su ce mage, wasu mussa, yara su ce kule, namijin kuwa muzuru. Haka nan bai yi mata rowar karin magana ba. In mutum ya cika sanyin hali, ba ya iya tsawata wa kowa, sai a ce kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi. In ya yi tuban da kowa ya san zai koma, a ce tuban muzuru ne. In kuwa ya yi lamo yana jiran ranar ɓarna, a ce kwanciyar mage ce mai ɗaukar rai. Na shafe shekaru ina koyar da adabin baka, ina tura ɗalibai su tattaro irin waɗannan maganganu daga bakin tsofaffi, abin da na lura kuwa shi ne duk halinta suke siffantawa, ko kuma dai halinmu ne muka jingina mata. Ban taɓa cin karo da guda ɗaya da ta ambaci ciwonta ba. Abin da ya fi kusa shi ne cewar da ake yi wai rai tara gare ta, wanda in an duba da idon basira, wata hanya ce ta cewa ba ta bukatar kowa ya kula da ita.

A kwatanta wannan da saniya. Makiyayin da bai taɓa shiga aji ba zai lissafa maka bushiya da sammore da ciwon hanta da ciwon huhu da harbin daji, ya faɗa maka alamar kowanne da lokacin da yake zuwa. Aikin likitancin dabbobi na zamani ma a ƙasar nan bayan shanu ya biyo. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, an kafa ta ne a 1924, kuma babban abin da ya sa aka kafa ta shi ne bushiya, wadda ta yi wa garkunan Afirka kisan kiyashi a ƙarshen ƙarni na 19. Turawan mulki suna karɓar jangali, suna fitar da fatu da ƙiraga, saboda haka mutuwar saniya asara ce a baitulmali. An yi ta yaƙi da wannan cuta har aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Dabbar da ke da farashi ita ake sanin sunan ciwonta. Kyanwa kuwa ba a sayen ta, ba a yanka ta, ba a kai ta lefe, ba a fitar mata da zakka. Kyauta ake ba da ita, in ma ba da kanta ta zo ba.

Wannan bambanci ban taɓa ganinsa ƙuru-ƙuru kamar yadda na gan shi a Alaba Rago ba, a shekarun da nake ratsa kasuwar kusan kullum a kan hanyata ta komawa gida daga wurin aiki a Ojo. A wancan lokaci, wanda bai san Legas ba zai yi mamakin yadda yana sauka daga babban titin Badagiri, cikin hayaniyar 'yan danfo, zai tsinci kansa a wani yanki na Arewa: raguna da awaki a turke, buhunan gero da dawa da wake jibge, warin albasa da busasshen kifi, ga kiran salla, ga Hausa iri-iri daga Sakkwatanci har zuwa ta mutanen Maraɗi. Inda hatsi yake nan ɓera yake, don haka kusan kowane shago yana da magensa. Amma in ka tambayi mai shago, "Alhaji, wannan taka ce?" sai ya ce, "A'a, ta nan ce dai." Rago yana yin atishawa sau biyu za a aika a kira malamin dabbobi, ya zo da jakarsa da sirinji. Magen da ta kwana tana gadin dukiyar da ta fi ragon kuɗi nesa ba kusa ba, in ta kwanta ciwo sai dai a ce, "Ƙyale ta, za ta tashi."

Wani lokaci ma ƙyalewar ta fi alheri. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi da nake zama a shagonsa mu taɓa hira, mutumin kirki, wanda kowace safiya sai ya raba wa magensa kan kifi kafin ya karya. Wata rana na tarar da shi jugum. Ashe babbar magen ce ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, yaron shagonsa ya ji tausayinta, ya daka rabin ƙwayar farasitamol ya ɗura mata da ruwa. Kafin la'asar fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma launin ƙasa, tana numfashi da ƙyar, washegari aka wayi gari ta mutu. Yaron bai yi da mugunta ba, abin da zai yi wa ƙanensa ne ya yi mata. Sai dai hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da wannan magani yadda ta ɗan Adam ke yi, saboda haka sai ya zame mata guba, ya lalata jajayen ƙwayoyin jininta har su kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe babbar kyanwa. Haka kuma wasu magungunan kaska da ƙuma da ake fesa wa tumaki ko karnuka, in an shafa mata sai ta kama karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da gubar ɓera ba sai an faɗa ba: ko ba ta ci gubar da bakinta ba, tana iya cin ɓeran da ya ci.

Tamu ta gida sunanta Lami. 'Yata ce ta raɗa mata, bayan ta ji ni ina yi wa wani baƙo bayanin karin maganar nan, kuma sunan ya bi ta, domin ban taɓa ganin ta yakushi kowa ba. Tana 'yar jaririya aka kawo mana ita cikin kwali daga Zangon Agege, gidan wata gwaggon uwargidana, a shekarar da muka tare a Ojo. A farkon 2021, tana da shekara goma sha ɗaya, yarinyar nan ta zo ta tsaya a kaina ina duba takardun jarrabawa, ta ce, "Baba, Lami fa ta koma shan ruwan alwala." Uwarta ta ƙara da cewa ita ma ta ga tana hawa bakin randa, abin da ba ta saba ba, kuma in an ɗauke ta sai a ji ta sakayau kamar buhun auduga. Ban da wannan babu wani abu. Tana cin abinci, ko da yake ba sosai ba, tana kwanciya a inda ta saba, ba ta kuka, ba ta ɗingishi.

A nan ne wahalar sha'anin kyanwa take. Kare in ba shi da lafiya duk unguwa sai ta sani. Kyanwa kuwa ɓoye ciwo take yi, kuma gado ta yi. Masana sun tabbatar da cewa duk kyanwowin gida na duniya sun samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma a tsibirin Kuburus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500 wanda aka binne mutum da kyanwa a cikinsa. Wannan kaka tata ita kaɗai take farauta, ba ta da garke, kuma kamar yadda take cin ƙananan dabbobi haka manya ke cin ta. Wadda ta nuna rauni ita ake fara kamawa. Har ila yau dabbar busasshiyar ƙasa ce, daga jikin naman da ta kama take samun yawancin ruwan da take bukata, ƙodarta kuma tana tace fitsari ya fito da kauri don kada ruwa ya salwanta. Ke nan duk ranar da aka ga kyanwa ta zama mai yawan shan ruwa, akwai magana.

Muka sa ta cikin kwandon roba mai murfi, muka ɗauki hanyar Iyana-Iba zuwa Igando, muka ɓulla wani asibitin dabbobi a wajen Agege. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, a cikin motar haya an kalle ni. Wata mata ta leƙa kwandon, ta dube ni da babbar rigata da hulata, ta matsa gefe tana addu'a cikin harshenta, domin a nan ma, kamar a wurinmu, akwai masu danganta kyanwa da maita.

Likitar da muka samu Bayarabiya ce, amma a Zariya ta yi karatu, tana jin Hausa daidai gwargwado. Na zauna ina kallon yadda take aiki, sai abin ya tuna mini da yadda muke koya wa ɗalibai nazarin waƙar da mawaƙinta ya daɗe da rasuwa: ba ka da wanda za ka tambaya, sai abin da ke gabanka. Ta fara da sikeli. Ta auna zafin jiki, ta ce na lafiyayyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai, wato abin da a jikin mutum za a kira zazzaɓi. Ta ɗaga leɓe ta duba dasashi, ta sansana bakin. Ta tsunkuli fatar wuya ta ja ta saki, fatar ta yi jinkirin komawa, alamar ruwan jiki ya yi ƙaranci. Sa'an nan ta sa yatsu a ciki tana lalube a hankali, ta ce ƙodojin sun ƙanƙance. Ta dube ni ta ce, "Malam, abu uku ne ke kawo irin wannan ga tsohuwar kyanwa: ciwon ƙoda, ciwon sukari, ko kuma wani ƙullutu na maƙogwaro da ke aiki fiye da kima. A ido duk kamanninsu ɗaya. Jini da fitsari ne za su raba mana gardama."

Jiki magayi, in ji masu iya magana, har John Tafida da Rupert East suka ɗauki maganar suka sa wa littafinsu. A ɗakin gwaje-gwaje na ga wata ma'anar ta daban. Daga ɗan jinin da bai cika cokalin shayi ba aka auna sukari, aka ga daidai yake. Aka auna dattin da ƙoda ke fitarwa daga jini, musamman wanda likitoci ke kira kiriyatinin, aka ga ya hau. Aka ɗiga fitsari a wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramin tabarau, aka ga ya tsinke, kaurinsa ya yi ƙasa da 1.035, wanda shi ne mizanin da ake sa ran lafiyayyar ƙodar kyanwa ta wuce. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da ta yi cewa wannan datti ba ya fara hawa a jini sai kimanin kashi uku cikin huɗu na aikin ƙoda ya tafi. Wato duk watannin da Lami ke kwance a kan tabarmar salla tana gurnaninta, ciwon yana ci a ɓoye. Tun 2015 akwai wani sabon gwajin jini mai suna SDMA da ke gano matsalar da wuri fiye da haka, amma shawarar likitar mai sauƙi ce: kyanwar da ta haura shekara bakwai a riƙa auna nauyinta, a duba jininta da fitsarinta sau ɗaya a shekara, ko da lafiyarta ƙalau a ido.

Da sauran jinin ta yi wani gwaji na minti goma a kan wani ɗan faifan roba irin na gwajin zazzaɓin cizon sauro. Cututtuka biyu yake nema. Ɗaya ita ce mai haddasa sankarar jini, wadda William Jarrett ya gano a Gilasgo a 1964. Ɗayar kuwa mai karya garkuwar jikin kyanwa ce, an gano ta a Kaliforniya ta Amurka a 1986, kuma ta hanyar cizo take yaɗuwa, don haka ta fi kama muzuran da ke kwana suna faɗa a kan rufin kwano. Ba ta kama mutum, wannan kuwa ya kamata a faɗa da babbar murya, domin sunanta kaɗai ya isa ya sa a jefar da dabba a bola. Lami ba ta da ko ɗaya.

Ciwon ƙoda irin wannan ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Aka hana ta busasshen kifi mai gishiri da ƙasusuwa, aka sa ta a kan abinci mai ruwa-ruwa wanda aka rage masa sinadarin fosfaras, muka ajiye kwanonin ruwa a kowane lungu na gidan. Aka auna hawan jininta, saboda yakan biyo bayan ciwon ƙoda, kuma yana iya makantar da kyanwa dare ɗaya. Uwargidana, wadda da farko ta ce, "Malam, ni dai ba ruwana da allurar mage," ita ce ta ƙware wajen yi mata ƙarin ruwa a ƙarƙashin fatar wuya, yarinyar tana riƙe da ita tana yi mata magana a kunne. Lami ta ƙara shekara biyu da wata huɗu a duniya. A daminar 2023 ta daina ci gaba ɗaya, ta mutu a ƙarƙashin gadon yarinyar, muka binne ta a gindin bishiyar gwanda.

Da labarin ya kai ɗakin shan shayin malamai, wani abokin aikina, mutum mai kaifin harshe, ya ce, "Dakta, a garin da mace ke haihuwa a gida don ba ta da kuɗin kati, kai kuma mage ka kai gwajin jini?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Maganarsa tana da nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Kuɗin gwajin ranar nan ya kusa cefanen gidana na mako guda, kuma na san a layinmu akwai wanda ba zai iya yi wa ɗansa irinsa ba. In aka ce mutum ya zaɓa tsakanin maganin ɗa da na kyanwa, babu zaɓi a nan. Sai dai ina ganin abokin nawa ya ɗauki mafi tsadar abin ya auna sauran da shi. Yawancin abin da ke kashe kyanwowi a unguwanninmu ba ciwon tsufa ba ne, domin kaɗan ne ke kai wa ga tsufan. Akwai wata cuta mai saurin yaɗuwa da ke kama 'yan jarirai da amai da gudawa, ta share ɗaki guda cikin kwana uku, ƙwayarta kuma tana iya shekara a ƙasa ba ta mutu ba. Akwai murar kyanwa, wadda ke cika ido da kwantsa har ya manne, wani lokaci ya tsiyaye. Allura ɗaya ce ke rigakafin waɗannan, ana fara ta daga mako takwas ko tara, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu. Akwai tsutsar ciki, wadda maganinta ba shi da tsada. Akwai kuma toshewar fitsari ga muzuru: a gan shi yana tsugunno yana yunƙuri yana kuka, a ce kashi ne ya ƙi fita, alhali mafitsara ce ta cika ba hanya, in ba a kai shi an zura masa roba ba, kwana biyu zuwa uku ya mutu. Wannan sani ne kawai yake bukata, da saurin tashi.

Sa'an nan lafiyarta ba a rabe take da tamu ba, tun da a ɗaki ɗaya muke kwana. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, galibi a Afirka da Asiya. Kare ne ke kawo kusan dukkansa, amma kyanwa ma tana ɗauka tana kuma bayarwa, kuma yaran da za su guje wa baƙon kare su ne masu rungumar baƙuwar mage. Daga wata uku ake yi mata allurar rigakafi. Wanda dabbar da ba a san ta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, domin in alamu suka bayyana sai dai addu'a. Makeron da ke fitowa a kan yara ma sau da yawa daga jikin 'yar mage suke kwasa.

Akwai kuma batun masu juna biyu, wanda ya sa aka kori kyanwowi da yawa daga gidaje. Gaskiya ne akwai wata ƙwayar cuta, tokzofilasma, wadda aka gano a Tunis a 1908, aka kuma fahimci a 1970 cewa a hanjin kyanwa take hayayyafa, kuma tana iya cutar da ɗan tayi. Amma kyanwa takan fitar da ita a kashinta na mako ɗaya zuwa uku ne kawai bayan ta fara kamuwa, kuma sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya zama mai haɗari. In ana kwashe shi kullum, kuma wani ne ke kwashewa ba mai cikin ba, an toshe wannan ƙofa. Tsiren da bai gasu ba da latas ɗin da ba a wanke ba su ma hanya ce babba, amma ban taɓa jin an kori mai tsire daga unguwa ba. Gidan da ya kori magensa kuwa ya yi wa ɓera shimfiɗa, ga shi zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yau a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci. Ajiye kyanwa yana cikin shawarwarin da hukumomin lafiya ke bayarwa a kansa.

Abin da na fi jin kunyarsa a madadin unguwanninmu shi ne buhu. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin na mako tara ne, kuma takan haihu har sau uku a shekara. In 'ya'yan sun yi yawa sai a zuba su a buhu, a ba almajiri ya kai bakin kwata ko bayan kasuwa. Mu ne kuwa muka tashi da labarin sahabin da aka yi wa laƙabi da 'yar kyanwarsa, Abu Huraira, muka karanta a Muwaɗɗa cewa ragowar ruwanta ba najasa ba ne, muka kuma haddace hadisin matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Aikin da likita zai yi wa mage ko muzuru don a tsayar da haihuwa, cikin barcin allura, bai kai awa guda ba. Na san akwai saɓanin malamai a kan fiɗiye dabba, kuma ba fagena ba ne. Amma mutanen da ke dandaƙe bunsuru don ya yi kitse, ban ga dalilin da zai sa buhu ya fi musu sauƙi a zuciya ba.

Dattijon nan mai hatsi ya ji duk wannan daga bakina a zama da yawa, yana saurare yana jan carbi, bai taɓa cewa na yi daidai ko na yi kuskure ba. Ana saura mako biyu Babbar Sallar 2021, kasuwa ta cika maƙil da raguna, na iso shagonsa na tarar da malamin dabbobin da ya zo duba ragunan maƙwabcinsa tsugune a gaban wani kwando da aka kife, yaron shagon nan yana danne da shi da hannu biyu. Mage uku ne a ciki. Malamin ya gama allura, ya fito da katuna zai cike, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, mene ne sunayensu?" Dattijo ya yi shiru, ya dubi yaron, yaron ya dube ni. Can sai ya nuna su ɗaya bayan ɗaya da bakin carbinsa, ya ce, "Rubuta ta wajen gero, da ta wajen wake. Wannan mai jan kunnen kuwa ta masallaci ce, amma ni zan biya."